Ɗigon Baƙin Mai

Mu a Zango ba mu da jirgin ruwa mai inji irin na mutanen Yawuri. Injin da na sani shi ne tsohon injin ban-ruwa ƙirar Honda da Baba ya bar mini. Bana da hunturu na ga ƙasar da yake zaune a kai ta yi baƙi, kusa da kwamin albasa.

Ban kai shi Daura wajen makaniki ba. Na shimfiɗa buhu, na wanke jikinsa da kalanzir, na tashe shi, na zauna ina kallo. Baba yakan ce: “Inda mai ya taru ba nan ya fito ba, bi sawunsa.” Sawun ya kai ni ga robar da ke riƙe mai a bakin sandar injin. Zafi da ƙura sun busar da ita har ta tsage. Na sa sabuwa, na ɗaure notuna sannu-sannu, don matsi da yawa yakan cinye zare.

Na tashi hannuwana baƙi ƙirin, suna warin da hannuwan Baba suke yi idan ya dawo gida da magariba.