Idan ɗanku a Kanada ya nemi kuɗin taya

Ina koyarwa a Montreal, kuma duk Nuwamba sai wani uba daga Maradi ko Damagaram ya kira ni: yaronsa ɗalibi na neman kuɗin sabbin tayoyi, alhali na motar ba su suɗe ba. Ko dai wayo ne?

Ba wayo ba ne, Malam. A lardin Kebek doka ce: daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, tilas mota ta sa tayoyin hunturu, in ba haka ba tara. Robar taya ta yau da kullum takan sandare da sanyi, ka taka birki motar ta ci gaba da sulɓewa.

Wanda ya saba tuƙi cikin rairayi ya san rabin karatun: kada ka fizgi sitiyari, kada ka danne birki da ƙarfi. Sai dai rairayi riƙe mota yake yi, ƙanƙara kuwa sakinta take.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne maƙalewa. A Maris 2017, motoci kusan 300 sun kwana cikin dusar ƙanƙara kan babbar hanya mai lamba 13. Shi ya sa ba na fita sai da felu, bargo da tanki cike. In ka maƙale, fara share bakin salansa kafin ka bar inji a kunne, don hayaƙinsa na iya komawa cikin mota ya kashe mutum. Ku tambayi yaranku ko sun san wannan.