Sanda Uku da Robar Taya

A dazukan da ke kewaye da gandayen Benuwe, Faro da Buba Njida a arewacin Kamaru, inda gwamnati ke ba da hayar yankunan farauta, baƙon da ya sauka a Garwa da bindigar miliyoyi yakan tarar cewa abin da harbinsa ya dogara a kai sanduna ne guda uku na gora, ɗaure da robar cikin tayar mota. A dajin ciyawa ba a kwanciya a yi saiti. Wanda ya kwanta, ciyawa kaɗai zai gani. Dole a yi harbi a tsaye, bayan tafiyar sa'o'i cikin zafin rani, numfashi na sama-sama, hannu na rawa. Sandunan ne ke riƙe nauyin bindigar.

Kasuwa ta cika da iri-iri. Mai ƙafa ɗaya ba ta da nauyi, amma tana lilo hagu da dama, gwamma a ɗauke ta sandar dogarawa kawai. Mai ƙafa biyu ta hana wannan lilon, ta bar na gaba da baya. Mai ƙafa huɗu, irin Viper-Flex ta ƙasar Denmak, tana tallafar gaban bindiga da gindinta lokaci guda, kuma babu kamarta idan gwanki ya tsaya can nesa a fili. Sai dai ɓauna ba a nesa ake harbinta ba, kuma ba ta jira. Idan ta gusa taku biyu, mai ƙafa huɗu sai an ɗaga ta an sake dasawa, alhali a kan gwafar mai ƙafa uku juya bindiga kawai za a yi. Shi ya sa tsofaffin jagororin farauta ke manne wa gora, wadda ba ta ƙara idan ta bugi dutse yadda ƙarfe ke yi, ba ta kuma da maɓallin da ƙura za ta toshe.

Tsayi ya fi suna muhimmanci. Gwafar ta tsaya ƙasa da kafaɗa kaɗan, domin maharbi ya ɗan jingina gaba ya tare bugun bindiga. Harsashin .375, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, yana da naushi; wanda ya miƙe ƙyam a kan doguwar sanda, baya zai yi taga-taga. Katakon gaban bindiga ake ɗorawa. Idan bututun ƙarfen ya hau gwafa, harsashi yakan tashi sama da inda aka nufa.

Wanda ya fi kowa ruwa da tsaki a wannan zaɓi ba shi ake tambaya ba. Mai bin sawu, ɗan ƙauyukan gefen dajin, shi ke gaba. Idan harsashi ya kauce wa ƙirji ya shiga tumbi, baƙo zai biya kuɗin dabbar, a same ta ko a rasa, kuma nan asararsa ta tsaya. Ɓaunar da aka ji wa ciwo kuwa takan shige duhuwa ta laɓe, ta fuskanci hanyar da ta biyo. Mai bin sawun ne zai sunkuya yana bin ɗigon jini zuwa wurinta, galibi ba makami a hannunsa. Saboda haka jagora mai hankali, tun kafin a shiga daji, yakan kai baƙo bayan sansani ya sa shi harbin takarda daga kan sandunan da za a tafi da su, har sai ya iya ɗora bindiga ya harba cikin daƙiƙu kaɗan.