Ba Kowace Asara Ce Ƙaddara Ba

'Yan'uwana masu kayan gwari a Kasuwar Relief ta Anacha, da na Inugu da Fatakwal, ku zo mu yi maganar asarar da muka saba da ita har muka daina ganinta.

A 1950 kamfanin Toyota na Japan ya kusa durƙushewa, har ya sallami ma'aikata, shugabansa Kiichiro Toyoda ya yi murabus. Ba su da jarin jibge kaya a sito kamar kamfanonin Amurka. Talaucin nan ne ya sa injiniyansu Taiichi Ohno ya ɗora aiki kan ƙa'ida guda: kada a ƙera abu sai ana buƙatarsa, a lokacin da ake buƙatarsa, kuma daidai adadin. Ya lissafa ɓarna iri bakwai, ciki har da jira, da jigila marar dalili, da tara kaya. Wadda ya fi ƙi ita ce yin abin da ya wuce buƙatar mai saye.

To mu fa? Da tumatir ya yi araha a Kwanar Gafan, sai kowa ya yi lodi rana ɗaya. Motoci su iso Anacha a jere, kasuwa ta cushe, farashi ya karye. Kwando kan kwando, na ƙasa ya dame tun kafin Lakwaja. Wata motar ta faɗo a Litinin ɗin zaman gida, kasuwa a rufe, kaya su kwana cikin zafi. Sai mu ce haka Allah Ya so, mu sake lodi yadda muka yi jiya.

A masana'antar Toyota, ƙaramin ma'aikaci yana da ikon jan igiya a tsayar da aiki idan ya ga aibi, sannan a yi ta tambayar dalili har a kai tushe. Mu kuwa yaron mota da ɗan dako sun fi kowa sanin inda kaya ke lalacewa, amma wa ke tambayarsu?

Hanyoyinmu ba na Japan ba ne, shingaye da ramuka ba a hannunmu suke ba. Sauran kuwa namu ne. Dillalin Kudu ya faɗi abin da kasuwa za ta ɗauka kafin a yi lodi a Arewa. Ƙungiya ta raba wa motoci ranaku. A gwada akwatin roba maimakon kwando. Kowa ya riƙe littafi yana rubuta abin da ya zubar, da dalilinsa.

Shugabannin ƙungiyoyinmu, don Allah ku sa wannan a taronku na gaba. Uwar kuɗin marayu da gumin manoma ne muke zubarwa a bola.