Jidda Kwana Nawa Ce?

Ranar da aka tabbatar wa wata dattijuwa a Mayahi cewa kujerarta ta Makka ta samu, tambaya guda ta yi wa jikanta: "Maigidana, Jidda kwana nawa ce?" Yaron ya duba wayarsa ya ce, "Kaka, daga Yamai wajen kilomita 4,000 ce." Ta yi shiru, domin amsar ba ta gaya mata kome ba.

Tsohuwar tana da dalilinta. Mahaifinta ya bar bakin Gulbin Kaba a ƙasa, ya bi hanyar da alhazan da suka gabata suka bi, ta Cadi da Sudan har gaɓar Bahar Maliya, yana yada zango yana ƙodago don neman guzuri. Ya tafi tana goye, ya komo ta isa tallar fura. Wasu abokan tafiyarsa ba su komo ba. Jikokinsu na cikin Hausawan Sudan har yau. Saboda haka abin da take son sani shi ne ko za ta dawo ta iske nata.

A nan harshe ya nuna halinsa. Bahaushe da lokaci yake auna nisa: tafiyar yini, tafiyar kwana uku, zango biyu. Ma'aunin yana ɗauke da gajiyar matafiyi da ƙishirwarsa, abin da kilomita, kalmar aro, ba ta ɗauka. Kalmar jirgi kuwa ta kwalekwalen fito ce tun asali, sai ma'anarta ta faɗaɗa, aka sami jirgin ƙasa da jirgin sama. Abin hawa ya sami suna cikin sauƙi, amma ya birkita tsohon ma'auni.

Lissafin tafiyarta ya isa shaida. Daga Maraɗi zuwa Yamai, kilomita 660 ko kusa da haka, mota takan cinye yini. Daga filin jirgin Diori Hamani zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda, nisan ya ninka wannan har sau shida, amma jirgi kan sauka cikin awa biyar zuwa shida. Agogon Saudiyya kuma yana gaban na Nijar da awa biyu, don haka mai duban agogo zai ƙirga fiye da abin da ya zauna. In da lokaci za a auna, Yamai ta fi Jidda nisa.

Jikan ya gane kuskurensa, ya sake amsawa: "Kaka, in kin tashi da hantsi, kafin isha kin sauka." Ta ƙirga salloli a yatsunta, azahar, la'asar, magariba, sannan ta ce, "To, zango guda ke nan. Allah ya jiƙan Baba." Daga nan ta aika a kira mata tela.