Kwali da Abin da ke Cikinsa

A shekarun 1980 da 1990, wanda ya sayi manhajar kwamfuta a Amurka ko Turai, kwali yake ɗaukowa daga kanti, ciki da faifai da littafin bayani. Galibin mutane da sun fid da faifan sai su yar da kwalin. Yau kuwa kwalin nan da aka raina shi masu tara tsofaffin kaya suke nema ido rufe, har aka sami kamfanonin da sana'arsu ita ce duba lafiyarsa da yanka masa daraja.

Mai dubawa yakan jujjuya kwali a ƙarƙashin fitila, yana neman kusurwar da ta lotse, da launin da ya koɗe, da tabon ruwa, da gurbin takardar farashi. Wani kamfani mai suna Wata Games, wanda aka kafa a 2018, ya fito da ma'auni biyu, watau makin kwali da ke tsayawa a 10, da darajar ledar da aka naɗe shi da ita, wadda ƙololuwarta A++. In an gama sai a kulle kayan cikin akwatin roba. A Yulin 2021 an yi gwanjon wasan bidiyo na Super Mario 64 wanda ba a taɓa buɗewa ba, mai maki 9.8 da A++, a kan dala miliyan 1.56.

Haƙiƙa kwali ya cancanci a adana shi, domin wani lokaci shi ma ɓangare ne na aikin. Alal misali, wasan Deadline da kamfanin Infocom ya fitar a 1982 ya zo da rahotannin 'yan sanda, da hoton wurin da aka tsinci gawa, har da ƙwayoyin magani, waɗanda mai wasa zai yi nazari a kansu ya gano mai kisa. Wanda ya sami faifan kaɗai, rabin labari ya samu.

To, amma a nan gizo yake saƙar. Ma'aunin da ya fifita leda a kan kome ya hana a buɗe kwali, alhali faifan maganaɗisu yana lalacewa da tsufa, ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba. Mai saye yana iya zuba dukiyarsa a kan faifan da ya daɗe da mutuwa, ya yi cinikin biri a sama. Daɗin daɗawa, inda kuɗi suka taru maha'inta ba sa nisa: a 2022 masu tara wasannin kwamfuta sun bankaɗo jabun kwafe na Akalabeth da Ultima da aka sayar wa 'yan'uwansu.

Saboda haka ma'auni nagari shi ne wanda zai bayyana halin kwali dalla-dalla, ya lissafa abin da ke ciki da abin da ya ɓace, ya kuma ba da dama a kwafe faifan tun yana karantuwa. In ba haka ba, na baya za su gāji kyawawan kwalaye, su rasa aikin da aka yi kwalayen dominsa.