Jinyar Murjani a Jidda

Aikin gida ne ya kai ni Jidda a wajejen 2008, gidan wani attajiri a arewacin birnin, daf da bakin teku. A falonsa akwai tankin gilashi da ya kai mita biyu a tsawo, cike da ruwan gishiri, da kifaye 'yan kaɗan, da wasu abubuwa masu rassa da na ɗauka duwatsun ado ne. Mai kula da shi wani dattijo ne Bahaushe haifaffen Fot Sudan, wanda kakanninsa suka taso aikin Hajji a ƙafa suka yada zango a can. Ya yi ƙuruciyarsa yana bin masu kwale-kwale a Bahar Maliya. Baba kowa ke ce masa. Da idonsa ya fara rauni, sai aka haɗa ni da shi in riƙa ɗaukar jarkoki ina karanta masa ma'auni.

Shi ya fara gaya mini cewa abubuwan nan masu rassa murjani ne, kuma rai gare shi. Ya kashe fitila da dare, ya haska 'yar tocila, ya ce, "Matso nan, ɗana." Sai ga kowane reshe ya fito da ƙananan bakuna, kowanne da 'yan yatsu sirara suna lilo a ruwa suna kamun abinci. "Dabba ce," in ji shi, "amma gonarta a cikin jikinta take." Gonar nan wasu ƙwayoyin gansakuka ne da ido ba ya gani, masu zama cikin tsokar murjanin. Suna amfani da haske su haɗa sukari, su ba shi mafi yawan abincinsa, shi kuwa ya ba su mafaka da abin da jikinsa ke fitarwa. Launinsu ruwan ƙasa ne mai ɗan zinariya. Tsokar murjanin kanta shara-shara ce, ƙashin da ke ƙarƙashinta kuma fari fat.

Rigimar gidan duk a kan launi take. Maigida yakan sayo reshe shuɗi ko ruwan hoda da kuɗi masu yawa, bayan 'yan watanni ya rikiɗe ya koma ruwan ƙasa. Sai ya kira Baba ya ce an cuce shi a kasuwa. Baba kan ce, "Ranka ya daɗe, ba a cuce ka ba. Kifayenka ne suka ƙoshi." Yaran gidan na son watsa wa kifi abinci, abin da ya rage da kashin kifin su ruɓe su zama naitiret da fosfet, irin sinadaran da ke cikin takin zamani. Gansakukar ta samu taki, ta hayayyafa, ta rufe sauran launuka. Haka ma idan ƙwan fitila ya tsufa haskensa ya ragu: murjanin kan tara ƙwayoyin da yawa don kada ya kwana da yunwa, sai ya yi duhu. Maganin ba wani asiri ba ne. A rage abinci, a sauya kashi ɗaya cikin goma na ruwan a kai a kai da tataccen ruwa da aka dama wa gishiri, a sake ƙwai, a jira. Jiran nan ne maigida bai iya ba.

Shuɗin da tsanwar da yake biya wa kuɗi kuwa murjanin ne da kansa ke yin su. Wasu furotin ne a tsokarsa, waɗansunsu kan sha shuɗin haske su mayar da shi kore ko ja, shi ya sa tankin ke walƙiya idan aka bar shuɗiyar fitila ita kaɗai. A shekarar da na sauka Jidda aka ba Osamu Shimomura da wasu masana biyu kyautar Nobel kan irin wannan furotin, wanda ya gano tun 1962 a jikin wata halittar teku. Baba bai taɓa jin sunansa ba, amma ya san cewa reshen da aka ɗora kusa da fitila ya fi yin launi, kuma idan aka ɗora shi can farat ɗaya sai ya ƙone. Taki-taki yake hawa da shi.

Abin da ba na mantawa ya faru a zafin 2010. Mutanen gidan sun yi tafiya, an kashe na'urar sanyaya falon, ita kuma mai sanyaya ruwan tankin ta tsaya. Fitilun zamanin zafi gare su ainun. Ruwan da muke riƙewa a digiri 25 ya haura 30. Muka kashe fitilu, muka kunna fanka a saman ruwan, muka yi ta jefa robobin ƙanƙara har aka samo mai gyara. Idan zafi ya yi yawa, aikin gansakukar kan lalace, ta koma fitar da abin da ke cutar da mai masaukinta, sai ya kore ta. A teku, ƙarin digiri ɗaya kacal a kan zafin da aka saba, in ya ɗauki makonni, ya isa. Na ga farin yana cin rassan, wasu har tsokarsu ta saɓule kamar zare tana yawo a ruwa. A wannan shekarar ma murjanin teku a arewa da Jidda, wajen Suwal, ya yi irin wannan fari.

Da maigida ya dawo, ya tarar da wasu rassan da suka tsira sun yi wani launi da ba mu taɓa gani ba: shuɗi mai kashe ido, ruwan hoda garau, tsanwa shar. Ya yi murna ƙwarai, ya ce a ƙara haske. A ranar ce kaɗai na ji Baba ya ƙi bin umarni. "Ranka ya daɗe, wannan ba lafiya ba ce. Cikinsa wayam yake, yunwa yake ji." Ya tsaya a kan bakansa har aka bar shi ya rage sa'o'in fitila, ya riƙa ɗura wa kowane reshe ɗan abinci da sirinji bayan sallar isha'i.

Sai a 2020 masu bincike a Jami'ar Southampton ta Ingila suka bayyana dalili. Idan gansakukar ta fita, haske kan ratsa tsokar ya bugi farin ƙashin ya dawo, sai ya yi yawa a ciki. Murjanin da bai gama galabaita ba sai ya ƙara yawan furotin masu launi don su zame masa kariya, ko ƙwayoyin sa samu inuwar dawowa. Na karanta wannan ina tuna tsohon nan a durƙushe gaban gilashi, hannunsa na rawa da sirinji, na kuma ji takaicin cewa bai rayu ya ji an tabbatar da abin da ya gani ba.

A wancan zafin na 2010, rassa masu sirara da yawa sun mutu, muka ciro ƙashinsu. Masu kauri da masu taushin jiki sun fi juriya. Sai da sanyi ya shigo kafin ruwan ƙasan ya fara komawa, daga gindi yana hawa. Baba ya kira maigida ya nuna masa, a karon farko kuma maigida bai ce an cuce shi ba. Ya aika aka sayo na'urar sanyaya ruwa ta biyu, ya kuma hana yara taɓa gwangwanin abincin kifi.