Ƙwaƙwalwar Aro: Nawa Ne Zai Ishi Kwamfuta?

Saura kwana biyu wata malamar jami'a ta miƙa kundin digirinta na uku, kwamfutarta ta fara gardama. Ta buɗe babi na huɗu, da manhajar ƙididdiga, da shafukan intanet kusan talatin, sai gargaɗi ya bayyana cewa ƙwaƙwalwar na'urar ta cika. Nan take manhajar ƙididdigar ta rufe kanta, ta tafi da aikin awa uku da ba a adana ba.

Washegari ƙaninta, wanda ya san harkar, ya gano musabbabin. Makonni kafin nan, wani mai gyara ya kashe ƙwaƙwalwar aro ta na'urar domin ya samar mata wuri a faifan ajiya da ya kusa cika. "Yaya, teburinki ne ya cika, kuma an kulle kabad ɗin da ake kai rarar takardu," in ji shi.

Misalin ya dace. RAM ita ce teburin da kwamfuta ke shimfiɗa aikin da take ciki: tana da sauri, amma ba ta da faɗi. Ta malamar gigabait 8 ce. Idan ta cika, Windows kan kwashe abin da aka jima ba a taɓa ba, gutsure-gutsure masu kilobait 4, ta kai wani fayil mai suna pagefile.sys a kan faifai, ta dawo da shi idan an nema. Dabarar tsohuwa ce, domin kwamfutar Atlas ta Jami'ar Manchesta a Ingila ta yi aiki da ita tun 1962.

Malamar ta tambayi adadin da ya kamata a ware. Masu gyara da yawa kan ce a ninka girman RAM sau ɗaya da rabi. Wannan ƙa'ida gadon zamanin da ake auna RAM da megabait ce, kuma a yau takan ba da amsa a baibai. Mai gigabait 32 zai ɓata gigabait 48 na faifai a kan abin da da wuya ya buƙata, mai gigabait 4 kuwa, wanda ya fi kowa buƙata, zai tashi da 6 kacal.

Ma'aunin gaskiya shi ne nauyin aikin mutum. Ƙanin ya mayar da saitin yadda Windows za ta riƙa daidaita girman da kanta, ya sa ta buɗe duk abin da takan buɗe a rana mafi cunkoso, sannan ya nuna mata layin Committed a cikin Task Manager. Lamba ta farko ita ce abin da manhajoji suka nema, ta biyu kuma RAM ce haɗe da ƙwaƙwalwar aro. Muddin akwai tazara tsakaninsu, babu fargabar rufewa.

Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. Ɗauko bayani daga faifan SSD ya fi ɗaukowa daga RAM jinkiri sau ɗaruruwa, tsohon faifai mai juyawa kuwa sau dubbai. Kwamfutar da kullum take kai-kawo tsakanin tebur da kabad ba za ta rufe ba, amma za ta yi ta jan jiki, kuma ƙara girman fayil ɗin ba zai magance hakan ba.

Malamar ta sake lissafinta a daren nan, ta miƙa kundin a kan lokaci. Da albashi ya shigo, ta sayi ƙarin RAM na gigabait 8, ta kuma bar ƙwaƙwalwar aron a kunne.